Zagawar Kawu

Kawu ya rasu ana tsakiyar shuka. Ga shi an girbe gero, an yanke dawa, har kara ya bushe a gonaki, sai yau na iya zama in rubuta wani abu a kansa. Ba mantuwa ce ta hana ni ba, tsoro ne. Ni mutum ne mai yawan wasiwasi, kowa a danginmu ya san haka. Ko shagona na kulle sai na dawo daga hanya na sake jijjiga kwaɗon. Karatuna kuma bai wuce firamare ba, ɗinki ne sana'ata, ina jin nauyin masu ilimi su ga rubutuna. Amma babban abin da ya riƙe min hannu shi ne, ba yadda za a yi in ba da labarin Kawu na gaskiya ban faɗi abin da shi kansa ya yi ta ɓoyewa har ya tsufa ba. Kullum na ɗauki biro sai zuciyata ta ce min, wannan ta'aziyya za ka yi ko tonon asirin mamaci?

Da abin ya ishe ni na je wurin malamin da ke karantar da mu bayan la'asar, na zayyana masa komai. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Wa kake so ya amfana da rubutun?"

Na ce, "Ɗansa, Allah gafarta Malam. Da masu irin ciwonsa."

Ya ce, "To ba ni za ka tambaya ba. Je ka tambayi uwar ɗan. In ta yarda ka rubuta, ka bar sunaye. In ba ta yarda ba, ka yi masa addu'a ka ja bakinka."

Na hau mota na tafi Gammo, garin su Kawu. Na tarar da matar Kawu, wadda duk muke kira Inna, tana ɓarar gyaɗa a tsakar gida. Muka gaisa, ya haƙuri, ya ƙarin haƙuri, ya aikin kaka. Na faɗi abin da ya kawo ni kaina a sunkuye. Ta ci gaba da ɓarar gyaɗarta. Can ta ce, "Rubuta. Ai mun yi shirun, mun ga abin da ya haifar."

Shi ya sa kuke ganin wannan.

Ban taɓa ganin motoci sun cika Gammo kamar ranar jana'izarsa ba. Kawu direba ne, ya ƙarar da ƙuruciyarsa da girmansa a kan hanyar Gwarzo zuwa Kano, don haka 'yan tasha suka ajiye lodi suka zo, har da waɗanda suka sha rigima da shi a kan layi. A zaman makoki kowa da abin da yake faɗa. Wani tsohon direba, abokinsa tun suna karen mota, ya yi ta girgiza kai yana cewa, "Aiki uku a ciki ɗaya! Ko mota ce aka sauke wa inji sau uku ai sai a bar ta ta huta." Wani ya matso kusa da ni ya rage murya, ya ce wannan ciwon ba na asibiti ba ne, hannu aka sa masa. Wani kuma ya ce basir ne ya ci ƙarfinsa, da an kai shi wurin wani mai magani a bayan Dugabau da tuni ya miƙe. Na gaji da amsawa, sai dai in ce Allah ya jiƙansa.

Wata tsohuwa daga Gude mai sayar da daddawa ta zo tana dogara sanda, ta zauna a ƙofar gida ta ƙi shiga. Ta ce, "Ni kaina na zo yi wa ta'aziyya. Yaran nan duk sun ce kayana na da wari, wucewa suke yi su bar ni a bakin titi. Shi kuwa sai ya tsaya ya ce, Hajiya, kawo turaren nan gaba kusa da ni." Mutane suka yi dariya, wasu suna share ido.

Mahaifiyata ita ce yayarsa, ita ta goye shi yana jariri. Ba ta yi kuka a gaban mutane ba. Magana ɗaya na ji ta yi bayan an dawo daga maƙabarta. Ta ce, "Ƙanena ya huta da zagawa." Matan da ke wurin suka ce wallahi kuwa, ya sha fama da cikin nan. Su abu ɗaya suka fahimta. Ita kuwa abu biyu take nufi.

Kowa ya san abin da dattijo yake nufi in ya miƙe ya ɗauki buta ya ce bari in zaga. Ba mai tambayarsa ina, ba mai bin sa da ido. Kawu zagawarsa iri biyu ce. Akwai wadda ciki ke kora shi, ita ce ta wahalar da shi tun yana saurayi. Ko a hanya sai ya tsaya a gefen titi, ya ce wa fasinjoji zai duba taya, ya shige cikin dawa. Akwai kuma ta biyu, wadda yake zuwa bayan katanga ya kunna sigari. Duk biyun da buta yake tafiya. Bambancin kawai, a ta biyun butar takan dawo da ruwanta cif, shi kuma yana tauna kanumfari.

Gidan kowa ya sani. Amma Kawu mutum ne da ya je Makka, in limamin masallacin tasha bai zo ba shi ake turawa gaba. Wa zai dubi irin wannan ya ce masa yana warin taba? In ya dawo sai a ce, "Sannu Alhaji, cikin ne?" Ya ce, "Shi ne." A ce Allah ya sauwaƙe.

Ba na so wanda bai san shi ba ya ɗauka wannan ne Kawu gaba ɗaya. Mutum ne mai faram-faram, kowa a wurinsa fasinja ne. Ko jariri aka miƙa masa ranar suna sai ya leƙa fuskarsa ya ce, "Fasinja, ya hanya? An sha zama ko?" Ni kaɗai ya cire daga cikin fasinjoji, ya sa min Malam Kar-dai, wai ban iya fara magana da komai ba sai da kar dai. Kar dai ruwa ya tare mu, kar dai taya ta fashe, kar dai an manta murhu a kunne. Sunan ya bi ni, yanzu a Gwarzo ya fi na yanka tashi.

Da mahaifina ya rasu ina ɗan saurayi, Kawu ya ce zai koya min tuƙi in samu abin riƙe gida. Ya ɗora ni a kan sitiyari a hanyar Dugabau inda ba motoci. Muna tafiya a hankali sai na hango kaza can nesa, na taka birki har goshinsa ya bugi gilashi. Ya shafa goshin, ya dubi kazar, wadda ko sanin muna duniya ba ta yi ba, ya ce, "Lafiya?"

Na ce, "Kawu, kar dai ta tsallako."

Ya yi dariya har ya kifa kai a gwiwa. Ya ce, "Sauko, sauko. Na gano motar da ta dace da kai."

Da kasuwa ta zagayo sai ga shi da keken ɗinki ɗaure a bayan mota. Ya ce, "Ga ta nan. Ita ma taka ta ake yi, amma ba ta taɓa take kowa ba." Shi ya kai ni wurin telan da ya koya min, shi ya fara kawo min yadi na ɓata masa, ya sa rigar a haka ya je tasha, hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Da keken nan nake ci da iyalina har yau.

Ciwon cikinsa ya sha suna. An ce taifot, an ce olsa, an ce shawara, an ce basir, kowanne da maganinsa, kuma duk ya sha. Ga ƙwayoyin gajiya da 'yan tasha ke saya a kemis, a haɗa musu kala-kala a leda su kora da shayi. Har ranar da cikin ya ɗaure gaba ɗaya, ya kumbura, yana ta amai. Aka kai shi Kano, aka shiga da shi tiyata, aka yanke wani yanki na hanjinsa da ya tsuke aka haɗa sauran. Da aka dawo gida, maganar da ta karaɗe dangi ita ce, an cire ciwon. An ba shi magani an ce ya riƙa sha, an kuma ce ya riƙa komawa ana dubawa. Ya yi na ɗan lokaci. Ɗinki ya warke, ya yi ƙiba, kumatu suka fito, ya koma mota. In Inna ta tuna masa sai ya ɗaga riga ya nuna tabon ya ce, "Kin ga wani abu a nan? Mai lafiya me zai je yi a layin asibiti, ga fasinja na jira?"

A wannan tsakanin ne suka yi faɗa da mahaifiyata, kuma shi kaɗai na san sun taɓa yi. Ya zo gaishe ta a Gwarzo, ya zaga, ya dawo ya ajiye buta. Ta ɗaga butar ta ji nauyinta. Ba ta ɗaga murya ba. Cewa ta yi, "Ƙanena, butar nan taka mai albarka ce. Ba ta ƙarewa da ruwa." Ita ba ta san komai a kan hanji ba, ƙirjinsa take jiye masa saboda yana tari. Kawu ya sa takalmi ya fita ko sallama babu. Azumi ya zo ya wuce bai taka gidanmu ba, sai dai mu tarar an ajiye gero da sukari a ƙofa. Ranar Sallah ya zo ya durƙusa ya gaishe ta kamar ba abin da ya faru, ita ma ta amsa a haka. Daga ranar ba ta sake ba. Mu kuma da muka ga abin da ya samu wadda ta goye shi, kowa ya kama kansa.

Bayan wasu shekaru wani abu ya fito masa a wajen zama, ƙurji ne da ya fashe ya ƙi warkewa, yana yoyo. Bai faɗa wa kowa ba sai Inna, ita ma basir ya ce mata. Ya naɗe tsumma ya yi gammo, irin wanda mata ke ɗora tulu a kai, ya sa a kujerar mota yana zama. 'Yan tasha suka samu abin tsokana. Da ya shigo sai su ce, "Ga mutumin Gammo a kan gammo!" Ya ce, "Ku kawo naku garin in zauna a kai mu ji ko yana da laushi." Yana dariya, amma in ya sauko sai ya dafa ƙofar mota ya daɗe kafin ya miƙe.

Ba a jima ba cikin ya sake ɗaurewa, aka koma tiyata. Abin da ya faru a aikin nan na biyu ban gani da idona ba, ina Gwarzo ana ɗinkin Sallah. Inna ce ta ba ni labari ranar ɓarar gyaɗar nan. Likita ya zo duba marasa lafiya da safe, ya tarar da gadon Kawu a kewaye da 'yan dubiya: 'ya'yansa, abokan tasha, ga mijin babbar 'yarsa a tsugune a gefe. Likita yana duba takarda ya ce, "Baba, kana shan taba?"

Surukin ya kafa ido a ƙasa kamar ya yar da allura. Kawu ya rufe ido. Ita kuwa bakinta ya riga tunaninta, ta ce, "Haba likita! Alhaji ne fa." Likita ya ce to madalla, ya rubuta, ya wuce gado na gaba.

Inna ta ce min, "Na ɗauka asiri na rufa masa."

Ban ga laifinta ba. Abin da aka koya mata ke nan tun tana yarinya, kuma kowace matar kirki a garinmu abin da za ta faɗa ke nan. Ban ga laifin likitan ba shi ma, ga marasa lafiya jere har bakin ƙofa.

A aiki na uku ni na yi jinyarsa, domin lokacin ɗansa na fari shi ke riƙe da motar. Wata likita ce ta zo, ba ta da yawan shekaru, ta ce kowa ya ɗan ba su wuri. Na miƙe zan fita Kawu ya ce, "Bar min Malam Kar-dai, likita. In bai ji da kunnensa ba zai je ya ƙirƙiro wanda ya fi wannan muni." Ta ja labule, ta jawo kujera ta zauna, ta rage murya, ta yi masa tambayar nan dai.

Kawu ya ɗaga ido ya dubi sama. Can ya ce, "Tun ina karen mota." Ya ƙara da cewa, "'Yata, ke ce ta farko da ta tambaye ni ba a gaban surukina ba."

Ba ta yi masa faɗa ba. Ta ce ciwon nasa kumburin hanji ne mai daɗewa, sunansa Kuron, haka dai kunnena ya ji. Ba taifot ba ne, ba basir ba ne, kuma wuƙa ba ta raba mutum da shi. Aiki wurin da ya lalace kawai yake cirewa, ciwon yana nan a jiki, kuma ya fi son ya sake tasowa a daidai inda aka haɗa hanjin.

Kawu ya ce, "Wato a wajen walda yake sake tsagewa."

Ta ce, "Kamar haka, Baba."

Ta ce akwai abubuwan da in suna tare da mutum ya fi kusa da komawa tiyata. Wanda ciwon ya kama tun yana matashi. Wanda an taɓa yi masa aikin, balle in an yanke da yawa. Wanda nasa irin mai huda hanji ne ya tara mugunya, ko ya yi hanya yana yoyo, musamman ta wajen zama. Tana faɗa Kawu yana lanƙwasa yatsu, da ta gama ya ce, "Ni da ban yi boko ba, ga shi na cinye jarrabawa."

Ta ce waɗannan ba a hannun kowa suke ba, amma akwai waɗanda ke hannun mutum. Ya ci gaba da shan magani ko jiki ya yi daɗi. Ya koma a zura na'ura a duba wajen haɗin tun ciwo bai tashi ba. Ya rabu da ƙwayoyin gajiyar nan na kemis, domin wasunsu na iya tayar da shi. Sannan taba. Ta ce a cikin abin da mutum zai iya canzawa ba abin da suke jin tsoro kamarta. Mai shan ta ya fi saurin ganin ciwon ya dawo, wanda ya bari kuma ya rage wa kansa haɗari.

Ni da wasiwasina na ce, "Likita, ke nan da ya bari tun farko da ba mu zo nan ba?"

Ta ce, "Ban ce haka ba. Akwai wanda bai taɓa sha ba kuma ya koma. Ba mai iya rantse maka. Amma da mun sani da mun matsa masa, da mun kuma ƙara sa ido a kansa."

Na kawo wannan ne don kar wani ya ce na ce taba ce ta kashe Kawu. Kwanansa ne ya ƙare. Abin da na ji kawai nake faɗa, in na yi kuskure a wani wuri masu sani su gyara min.

Daga ranar ya bar taba, kanumfarin ne dai bai bari ba. Amma hanjin da ya rage masa kaɗan ne, abin da ya ci wucewa yake yi. Muka shiga zirga-zirga, Gammo zuwa Kano, Kano zuwa Gammo, a ƙara masa ruwa a sallame mu, mu sake komawa. Yana zaune a bayan motarsa a kan gammonsa, ɗansa na tuƙi, shi yana gyara masa. "Ramin nan na bayan Kabo tun ba a haife ka ba yake nan, kullum sai ka gaishe shi?" Rigunansa ni nake rage su. Na rage, na sake ragewa, har ya zama ba inda zan kama sai dai in yanke. In na kawo sai ya juya rigar ya ce, "Tela, ina ragowar yadina? Ku dai ba a ba ku amana." In yi dariya, in fita waje in tsaya.

Mun gaji, ba zan ɓoye ba. Inna ta gaji da wanki, hannunta duk ya tsage. Na gaji da warin asibiti da zaman benci. Shi ya fi kowa gajiya. A ƙarshe ko tsokanar ma sai ya fara ta ya kasa ƙarasawa.

Wata rana da hantsi muna zaune a zaure ni da Kawu, yana jingine da bango. Ɗansa ya miƙe ya ɗauki buta ya ce bari ya zaga. Shi ma ya daɗe yana kuka da ciki, yana ramewa, ana ce masa olsa ce. Ya jima ya dawo, ya ajiye butar, ya fita wanke mota. Kawu ya bi shi da ido, sannan ya ce min, "Ɗaga butar nan ka ji."

Na ɗaga. A cike take.

Ya ce, "Da wane baki zan yi masa magana? A wurin wa ya gani? Uwarsa kuma, ɗan farinta ne, ko sunansa ba ta faɗa. Amma kai taubashinsa ne. Kai ɗan mace, shi ɗan namiji, tun kuna yara kuke zagin juna ba mai jin haushi. Abin da ba mai iya faɗa masa, kai za ka faɗa a ce wasa ne." Ya ja numfashi. "Wannan karon ka yi kar dai ɗinka da ƙarfi. Na bar maka shi."

Bai kai wata ba bayan wannan.

Ana cikin damina, ba a daɗe da sadakar arba'in ba, cikin taubashin nawa ya ɗaure kamar yadda na mahaifinsa ya yi. Muka bi hanyar nan dai, muka zauna a bencin nan dai. Aka yanke aka haɗa. Likita ta ce ciwon ɗaya ne, wani lokaci yana bin gida. Yanzu ɗinki ya warke, kumatu sun fito, ya koma mota. Dangi suna cewa an cire ciwon. Kullum na ji kalmar sai in tuna haka aka ce a kan Kawu.

Kwanan baya ya shigo shagona da kaftaninsa a kafaɗa, ya jefa min a kan keke. Ya ce, "Bawana, buɗa min rigar nan. Ubangidanka ya yi ƙiba, ya warke."

Na juya rigar zan farke ɗinkin gefe. Na ga ɗan rami a bakin aljihu, gefensa baƙi, irin wanda wuta ke yi. Na sa hannu a ciki, sai ga kanumfari. Na tuna azumin da Kawu ya yi bai taka gidanmu ba, zuciyata ta ce kar dai shi ma ya yanke ka, wa zai raka shi asibiti? Amma an bar min shi.

Na ce, "Ranka ya daɗe, bawa zai yi magana."

Ya ce, "An ba ka izini, amma a taƙaice."

Na ce, "Butar nan taka mai albarka ce. Ba ta ƙarewa da ruwa."

Dariyar ta ɗauke daga fuskarsa. Ya miƙe, na ce shi ke nan. Ya kai bakin ƙofa ya tsaya yana kallon titi, sannan ya juyo ya ce, "Baba ne ya aiko ka?"

Na ce, "Shi ne."

Ya dawo ya zauna a kan benci. Na faɗa masa abin da likita ta faɗa a bayan labule, duk da ita ma ta faɗa masa da bakinta. Na ce ciwon ya kama ka kana matashi, an yanka ka sau ɗaya, waɗannan sun wuce. Saura uku a hannunka, ga magani, ga komawa a duba, ga wannan abar.

Ya ce, "Kana ganin ban gwada ba? Ranar da na bari kaɗan ya rage in mari fasinja a kan canji. A tasha ka juya nan hayaƙi, ka juya can hayaƙi. Shi Baba ya bari ne a kwance, ni a kan titi nake. Ban san yadda ake bari ba, wallahi ban sani ba."

Ni ma ban sani ba.

Bai yanke ni ba, alhamdu lillahi. Yana shan maganinsa, in dai na yarda da abin da matarsa ta faɗa wa tawa. Ya ce zai je a duba shi in lokacin ya yi, da sharaɗin in zauna a baya kuma kar in ce kar dai har mu wuce Kabo. Tabar kuwa bai bari ba. Abin da ya canza kaɗan ne: in muna tare zai je bayan katanga, ba ya ɗaukar buta. Sai ya dube ni ya ce, "Ta biyun ce," ya fita. Ban sani ba ko wannan ci gaba ne. Na dai san mahaifinsa ya mutu bai taɓa faɗa wa kowa a gida haka ba.

Allah ya jiƙan Kawu, ya sa wahalar da ya sha ta zame masa kankarar zunubi, ya saka masa da tsayawar da ya riƙa yi wa waɗanda ake wucewa a bari a bakin titi. Ya yafe min in na faɗi abin da bai kamata ba.

Yanzu roƙona gare ku masu karatu. In akwai wanda aka yi wa aikin hanji a kan wannan ciwon kuma ya daɗe bai koma tiyata ba, ina so in ji yadda ya yi, me ya riƙe, me ya bari. In akwai direba ko ɗan tasha da ya bar sigari yana kan aikinsa, ya faɗa min yadda ya wuce kwanakin farko. In akwai ma'aikacin lafiya da ya san inda ake taimaka wa mai son bari a nan kusa da mu, ko sai an je Kano, ya sanar da ni. Ba sai kun faɗi sunanku ba. Ku ba kowane direban layin Gwarzo saƙo a kai wa Malam Kar-dai tela, zai iso.

Kaftanin yana nan a rataye a shago, bai zo ya karɓa ba. Na buɗa shi, na kuma bar masa sarari a cikin ɗinki, kar dai ya ƙara ƙiba. Don Allah ku taimaka min da abin da kuka sani tun kafin in koma ina rage shi.